Hannuna da Hannun Jannat

Ni na fara gani. Da wannan zan buɗe, domin yanzu da abin ya yi kyau kowa a gidan nan cewa yake dama shi ma ya lura. Hajiya Zali, matata, har rantsuwa take yi. Ba haka aka yi ba. Ni Mailafiya, da ban taɓa zama a aji ba, ni na ga abin da ke damun hannun jikata Jannat tun tana wata bakwai, a lokacin da ɗaya jikar tawa, mai karatun hannu da ƙafa, take can unguwar Shisha ta kulle kanta a ɗaki da littattafai.

Idon da ya gani ba na yaro ba ne. Ina saurayi na baro Gezawa, na ratsa Cadi da Sudan, rabi a ƙasa rabi a bayan motar kaya, sai da na shekara uku kafin in ga Ka'aba. Na ɗauki tsofaffi a kan gadon katako na yi musu ɗawafi, da aka daina wannan na koma tura keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa. Gobarar Mina ta ritsa da ni a cikin tantuna, na fito da tsohuwa a bayana, girata kaɗai ta ƙone. Sannan shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ni a bakin banɗaki. Likita ya ce wa 'ya'yana su nemo min keke. Yau da sandata nake zuwa masallaci, sau biyar.

Abu ɗaya ne bai dawo ba, hannuna na dama. Ya dunƙule, babban yatsa ya shige cikin tafi, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta manne da haƙarƙari. A aljihun jallabiya nake ajiye shi. Shekara huɗu ko surukata ba ta gan shi ba. Abinci ma ni kaɗai nake ci a ɗaki, don kada wani ya ga mutum kamata yana kai loma da hagu.

Muna zaune a unguwar Kudai ta Makka, bayan tashar bas, tare da autana Hadi, wanda yake tuƙa alhazai zuwa Harami, da matarsa Lailatu. Shekara biyar suka yi kafin Allah ya ba su Jannat. Kullum da hantsi Lailatu takan shimfiɗa ta a kan darduma kusa da ni ta shiga kicin. Ba ni da aikin yi sai kallonta. In na lilo mata carbi, sai ta kai hagu. In na mayar da carbin ɓangaren dama, sai ta murɗa jikinta duka ta ƙetaro da hagun nan, daman kuwa yana kwance a dunƙule. Rannan na sa yatsa na ɓanɓare shi. Ya yi min gardama, ya buɗe a hankali, ina saki ya koma. Na san gardamar nan. Kowace safiya da ita nake fama wajen alwala.

Na fara gaya wa Hajiya Zali. Ta ce bahaguwa ce, ta gado ƙanenta Wada, kuma maganin abin sananne ne, in ta isa cin abinci da kanta a ɗaure hagun da ƙyalle, kwana arba'in ta saba. Na ce mata na yi aiki da bahagwai, daman bahago yana da rai, yana sosa kai, yana korar ƙuda. Ta ce in rufe bakina, kada in jawo wa 'yar mutane abin da babu. Na gaya wa Hadi bayan sallar Juma'a. Bai ɗaga min murya ba, ban haifi mai yin haka ba, amma ya ce tun da na kwanta ciwo kowa nake gani da irin ciwona. Ashe Lailatu ta ji mu. Daga ranar ta daina kawo min yarinyar. A goye take yawo da ita, in za ta wuce ƙofar ɗakina sai ta ja mayafi ta rufe mata hannu. Tsohon da ya ɗauki iyayen mutane a kafaɗa, shi aka mayar mai mugun baki a gidansa.

Mutum ɗaya na san za ta fahimta, Rumasa'u, 'yar babbar 'yata Maryama. A nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa saurin fitowa a bakinta, Sidi take ce min kamar yadda 'ya'yan Makka suke kiran kakansu. Aikinta a asibiti shi ne motsa gaɓoɓin waɗanda jiki ya ƙi yi wa biyayya. Ita ta tsayar da ni a kan ƙafata, ko da yake rabin aikin ƙarfin zuciyata ne. A shekarar nan ta ɗauko jarrabawa biyu a haɗe, ta samun shaidar ƙwarewa, ɗaya a kan ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa, ɗaya a kan ƙananan yara. Saura mako shida. Daga asibiti sai ɗaki. Uwarta ta zama mai gadi, har wayarta take riƙewa. Na kira sau biyu, Maryama ta ce, cikin ladabi, ko mene ne ya jira bayan jarrabawa.

Ni kuwa na san ba ya jira. Rumasa'u da bakinta ta gaya min, lokacin da nake kwance, cewa hannun da aka bari ya saba da zama ƙwaƙwalwa mantawa take da shi, kuma kwanakin farko sun fi na baya tsada. Ta ba ni soso in riƙa matsawa, da wake in riƙa tsincewa a faranti. Na yi na ƙafa, na ƙi na hannu. Ba kasawa na yi ba, na ga dai bai dace da shekaruna ba. To ga abin da ya biyo baya a aljihuna.

Sai na tuna wani abu. Tun farkon shekara take roƙona in bar ta ta gwada jarrabawarta a hannuna, wai na littafi hoto ne, nawa kuwa na gaske ne. Nakan ce mata ni ba abin koyon aiki ba ne. Na sake kiran Maryama na ce ta gaya wa amaryata na amince, amma ƙafata ba za ta kai ni Shisha ba, ita za ta zo. Kwana biyu sai ga ta da safe a tasi, da jaka, da 'yar gudumar roba, da katunan tambayoyi ɗaure da kyauro.

"Angona ya sauko ke nan," in ji ta tun daga ƙofa. "Me aka ba ka?"

Na ce tausayinta na ji, na ga in ban taimaka ba faɗuwa za ta yi ta kunyata ni a Makka. Ta ce tsohon da ya gudu daga wake shi ne zai yi maganar faɗuwa. Ta ce minti arba'in gare ta, mu shiga ɗaki. Na ce a falo za a yi. Na kira Lailatu ta kawo shayi, da ta ajiye na ce ta zauna. Ta zauna a bakin kujera, Jannat a bayanta. Hajiya Zali ma ta leƙo.

Na zaro hannun daga aljihu na ɗora a kan darduma. Lailatu ta sunkuyar da kai. Na ratsa wuta, na ratsa sahara, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Na ce wa Rumasa'u ta faɗi abin da take gani da ƙarfi, da Hausa, kamar tana gaban masu jarrabawa. Ta gyara zama ta fara jerowa: kafaɗa ta karkato ciki, gwiwar hannu a lanƙwashe, wuyan hannu ya sunkuya, yatsu a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Ta ja hannun a hankali ya biyo ta, ta fizga da sauri ya ƙage. Ta ce wannan ƙagewar ita ce alamar cewa matsalar daga sama take, ba daga hannun ba.

Na ce, "Lailatu, sauke min yarinyar nan."

Ta dubi Hajiya Zali. Amma suruka ba ta musa wa uban miji a gaban mutane, da wannan na dogara. Ta kwance goyon ta kwantar da ita. Na ja jikina na ajiye hannuna dab da na Jannat, tsoho da sabo a jere.

"To amarya, maimaita."

Rumasa'u ta sunkuyo kan hannuwan biyu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ciro makullanta ta kaɗa a dama, yarinya ta murɗo ta kai hagu. Ta ja ɗan hannun a hankali, ta ja da sauri. Daga nan ta ɗauke ta ta riƙe ta a ciki, fuska ƙasa, ta sunkuyar da ita kwatsam kamar za ta faɗi da ka. Lailatu ta zabura. Hannun hagu ya miƙe ya buɗe zai tare ƙasa. Na dama bai taso ba. Ta sake yi sau biyu, haka dai.

Ta miƙa wa uwar 'yarta, ta warware katunan nan, ta zaro ɗaya. Ta ce ta karanta shi ya fi sau talatin. A rubuce yake cewa yaron da ya zaɓi hannu ɗaya kafin ya shekara ba bahago ba ne, a bincike shi. Ta ce da Sallah ta ɗauki yarinyar nan har hoto suka yi, ba ta duba ba. Ta fara wata magana da Larabci, wai wace irin ƙwararriya ce ita. Na katse ta. Na ce kukan a bar wa Lailatu, ita ce uwa, ita kuma ta gaya mana abin yi.

Lailatu ba ta yi kuka mai ƙara ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko 'yarta za ta yi tafiya. Rumasa'u ta ce ba za ta yi mata alkawarin abin da ba ta sani ba, sai likitan ƙwaƙwalwar yara ya gani, sai an ɗauki hoton kai. Ita ta kira kawunta Hadi a waya. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ga ya bar motarsa da wani ya dawo kafin azahar, ya shigo ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar da ya riga ya yi da safe.

Kwana tara muka jira sakamakon hoton. Ba na son tuna kwanakin nan. Likitar ta ce ɗan tabo ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, tun wajen haihuwa, ba ya girma, ba ya yaɗuwa. Ta ce da yardar Allah za ta yi tafiya, za ta yi magana, hannun kuwa ya danganta da aikin da aka yi masa daga yanzu. Ta ce yawanci sai yaro ya shekara biyu ake kawo mata irinsa, ta tambayi wanda ya lura. Hadi ya ce mahaifinsa ne. Ta tambaya ko likita ne. Wannan tambayar na sa ya maimaita min ita sau uku a hanyar dawowa. A ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Washegari Rumasa'u ta zo da safar jarirai. Ta ce za a riƙa sa wa hannun hagu, mai lafiyar, na rabin awa safe da yamma, don dole ta nemi na dama. Hajiya Zali ta tafa hannu ta ce ai abin da ta faɗa ke nan tun farko, a ɗaure hagu, an je an kashe kwana tara a dawo kan maganarta. Rumasa'u ta yi mata bayani cewa ba ɗaya ba ne, wannan da wasa ake yi, da lokaci, ba a dukan hannu, ba a jira sai an yaye ta. Hajiya ta ce ɗauri dai ɗauri ne. Har yau a kan wannan take kafa hujjarta.

Maryama ta zo da kanta ta same ni. Ta ce saura mako huɗu, 'yarta ta yi shekara guda tana shirin jarrabawa, yanzu kullum tana hanyar Kudai. Na ce ni ban kira ta ba. Rumasa'u ce ta ce ba za ta bar wa kowa makonnin farko ba, sai Lailatu ta iya. Kullum bayan ta tashi daga aiki sai ta sauka a nan da katunanta. Tana zaune a darduma tana juya Jannat, tana faɗin sunan kowace tsoka da ta taɓa, Lailatu tana riƙe da kati tana karanto mata tambaya da Larabci. Watan da yaro yake zama, watan da yake rarrafe, watan da yake tsintar abu da yatsa biyu, har ni na haddace. Akwai ranar da ta yi kuskure na gyara mata. Ta ce sa'a ce.

Amma Jannat ta ƙi. Da an sa safar sai ihu, ta riƙa cizonta, ta juya wa hannun dama ƙeya kamar ba nata ba. Mako guda babu abin da ya motsa. Lailatu ta fara cewa ko a bari ta ƙara girma. Na ga fuskar Rumasa'u, na san ita ma ta fara shakka. Sai rannan ta dube ni ta ce ta lura yarinyar ba ta kallon kowa sai ni. Ta sa na koma ɓangaren daman Jannat na zauna. Sannan ta buɗe jaka ta ciro safar Hadi, babba, baƙa.

Na ce me za ta yi da ita.

Ta ce, "Miƙo hagun, Sidi. Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Haka aka yi. Ni Mailafiya, da safar ɗana a hannu, ina tura murfin gwangwani da mataccen hannuna a kan faranti, yana ƙara, yarinya tana kallo. Hajiya Zali ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na ce ta yi ta yi. Gumi nake yi kamar ina tura ƙaton alhaji a hawan Safa. In na tura murfin ya isa gabanta, sai ta daina kuka ta zuba masa ido. Rumasa'u tana shafa mata bayan hannu daga yatsu zuwa gwiwa, tana cewa kada kowa ya taimake ta.

Ran kwana na goma sha bakwai, bayan la'asar, Jannat ta ɗaga kafaɗa, hannun ya taso a dunƙule ya bugi murfin. Ya yi ƙara. Ita kanta ta tsorata. Ta sake bugawa. Lailatu ta toshe bakinta da mayafi. Bayan kwana shida yatsun suka buɗe da kansu a kan gutsuren burodin tamis, ta damƙe shi, ta yi ta lalube har ta kai baki, rabi a kumatu. Hajiya ce ta yi mata bisimilla. Rumasa'u ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Ni dai ban yi kuka ba, duk wanda ya ce na yi, hayaƙin turare ne.

Hadi ne ya kai Rumasa'u Jidda ranar jarrabawa. A gaban kwamfuta ake yi, awa huɗu kowace. Da sakamako ya fito, ta ci ta yara da maki mai yawa. Ta jijiyar manya kuwa ta faɗi da kaɗan. Maryama ta yi kwana biyu ba ta kira ni ba. Rumasa'u ta ce ko da za a maimaita, haka za ta sake yi. Ni na gaya mata gaskiya, da ta riƙa tambayata da ba ta faɗi ba, tunda ciwon a jikina yake zaune. Bayan wata shida ta sake zama ta ci, a wannan karon kuwa kowace Asabar a hannuna take bita. Lissafin mai sauƙi ne.

Nawa hannun bai dawo ba, na makara, ba na ɓoyewa. Yana dai danne burodi in na yanka. Jannat yanzu shekararta huɗu. Ta yi tafiya tana wata goma sha shida. In ta gaji ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa, in tana gudu hannun yakan tashi ya lanƙwashe, har yanzu ana kai ta asibiti sau ɗaya a mako, sashen da Rumasa'u take shugabanta. Maɓalli yana ba ta wuya. Amma da hannu biyu take ɗaukar kofi, da hannu biyu take hawa kujera, kuma da dama take gaisawa.

Na ji ana cewa a tashar bas wai tsoho yana ƙara gishiri, wai likitoci ne suka gano. Wanda yake da wannan ra'ayin ya zo. Bayan tasha, bene mai koren ƙofa, hawa na biyu, ka ce gidan Mailafiya. Zan sa a kira maka Jannat. Ka durƙusa ka ba ta kunnenka, ka ce ta murɗa da hannun dama. In ka tashi ba ka nemi ta saki ba, ni da kaina zan bi ka tashar in ce ƙarya nake yi.